Kuɗin guzuri a hutun "komai a ciki": lissafin mai tasowa daga Damagaram

Idan kamfanin tafiye-tafiye ya miƙo maka takarda an rubuta "tout compris" a samanta, wato "komai a ciki" da Faransanci, abin da ka biya yawanci shi ne jirgi zuwa da dawowa, motar da za ta kai ka otel daga filin jirgi, ɗakin kwana, abinci sau uku a rana da abin sha. Wannan "komai" ɗin iyakarsa ƙofar otel. An ƙirƙiro irin wannan hutu ne domin mutanen Turai, waɗanda filin jirgi ke kusa da gidajensu, kuma ba wanda ke zaman jiran tsarabarsu. Mutumin unguwar Birni ko Zango a Damagaram kuwa tafiyarsa tana farawa kusan kilomita 900 kafin ya ga jirgi a Yamai, kuma ba ta ƙarewa sai ya raba tsaraba gida gida. A waɗannan bakuna biyu ne kuɗi suka fi zurarewa, ba a tsakiyar hutun ba.

Kafin ka biya ko sisi, ka sa a rubuta maka abin da ke ciki

Maganar baki ba ta isa ba. Ka nemi a rubuta maka amsar waɗannan tambayoyi a takarda ko a saƙon WhatsApp da za ka iya nunawa a otel. Motar filin jirgi tana ciki, zuwa da komowa? Kilo nawa na kaya tikitin ya ba ka, akwati ɗaya ne mai kilo 23 ko biyu? Ruwan gora kyauta ne a ɗaki, ko sai a ɗakin cin abinci kawai? Harajin kwana an biya shi, ko sai ka isa? Wifi yana kaiwa ɗaki ko iyakarsa zauren karɓar baƙi? Ƙarfe nawa abinci ke fara aiki ranar isowa, ƙarfe nawa yake yankewa ranar tafiya?

Wannan ta ƙarshe ita ce aka fi mantawa. A yawancin otel ana ba da ɗaki da misalin ƙarfe 2 na rana, a karɓe shi ƙarfe 12 na ranar tafiya, kuma a lokacin ne ake yanke zoben robar da aka ɗaura maka a hannu, wanda shi ne shaidar cin abincinka. In jirginka na dare ne, kana da abincin rana da na dare da za ka saya da kuɗinka, kai da iyali.

Ka kuma duba ko "tout compris" ne da gaske. "Demi-pension" karin kumallo ne da abincin dare kawai. "Pension complète" abinci uku ne, amma sau da yawa ba abin sha, har ruwa sai ka saya. Wani abu da ya kamata Musulmi ya sani: wani kaso na farashin "komai a ciki" kuɗin giya ne, ko ka sha ko ba ka sha ba. Saboda haka yana da kyau ka nemi farashin "pension complète" na otel ɗin ka kwatanta. Akwai kuma otel-otel a gaɓar Antalya da Alanya a Turkiyya da ba a sayar da giya sam, masu wurin wanka na mata daban. Sun fi dacewa da iyali, sai dai ba lallai su fi araha ba.

Yi lissafinka da yuro

Muna da wata sa'a da maƙwabtanmu na Najeriya ba su da ita. Tun 1999 sefa take ɗaure da yuro a farashi ɗaya: yuro 1 sefa 655.957 ne. Abin da ka lissafa da yuro yau a Damagaram, shi za ka tarar bayan wata uku. Lirar Turkiyya da fam ɗin Masar ba haka suke ba. Fam ya faɗi warwas a watan Maris na 2024, lira kuma shekaru ke nan tana zamewa, don haka farashin da wani ya faɗa maka na bara da waɗannan kuɗaɗe ba abin dogaro ba ne. Ka tambaye shi yuro nawa ya kashe.

Ka haddace waɗannan: yuro 3 kusan jika 2 ne, yuro 10 sefa 6,560, yuro 100 sefa 65,600. Amma a takardar lissafinka ka sa yuro a 680, domin banki yana cire ladansa, mai canji na kasuwa kuma yana ɗora ribarsa. Dirhamin Maroko ka ɗauke shi a sefa 60 da ɗan kai, dinarin Tunisiya a kusan sefa 200. Dirhamin Dubai ɗaure yake da dalar Amurka, dirhami 3.67 a dala ɗaya, saboda haka mai zuwa can dala ta fi masa. Dinarin Tunisiya yana da tarko: ya kasu kashi 1,000 ne, ba 100 ba. In ka ga 12,500 a jikin kaya, dinari 12 da rabi ke nan, kimanin jika 2 da rabi.

Wanda ba ya son wannan ciwon kai gaba ɗaya, akwai Saly a gaɓar tekun Senegal. Sefar da ke aljihunka ita ce kuɗinsu.

Ambulan biyar

Hanyar da ta fi aiki ita ce raba kuɗin tun daga gida, kowane kaso a ambulan ɗinsa da suna a rubuce. Kuɗin da ke dunƙule a aljihu ɗaya kullum kamar yana da yawa, har ranar da za a ƙirga. Bari mu ɗauki misalin miji da mata, kwana 7 a Hammamet ta Tunisiya, otel mai taurari 4. Alkaluman na tsara hanya ne, kai za ka gyara su da farashin lokacin tafiyarka.

Ambulan na farko na hanyar gida ne, kuma da sefa ake cika shi. Tikitin bas Damagaram zuwa Yamai da dawowa na mutum biyu, abincin hanya a Maraɗi, Ƙonni da Dosso, kuɗin kaya in akwatuna sun yi yawa, taksi zuwa filin jirgin Diori Hamani, da kwana a Yamai. Ka sa kwana biyu, ɗaya a tafiya ɗaya a dawowa. Kada ka taɓa shirya isa Yamai a ranar da jirgi zai tashi. Mota na lalacewa, hanya na tsayawa, jirgi kuwa ba ya jira, kuma kuɗin irin wannan hutu ba kasafai ake mayarwa ba. Ko gidan ɗan'uwa za ka sauka, ba za ka shiga hannu rabbana ba. Jika 130 zuwa 150 adadi ne mai kyau. Rabin dawowa ka naɗe shi daban, ka sa a can ƙasan jaka, kada ka canza shi ko me ya faru.

Na biyu na cikin otel ne, abubuwan da "komai" bai rufe ba. Babba a nan shi ne harajin kwana. A Tunisiya otel mai taurari 4 ko 5 yana karɓar dinari 12 a kowane dare kan kowane babba, wato mutum biyu kwana 7 dinari 168, kimanin yuro 50, kuma a teburin karɓar baƙi ake biya. A Dubai dirhami 7 zuwa 20 ne kan ɗaki a kowane dare, gwargwadon darajar otel. Mai zuwa Zanzibar kuma tun Oktoban 2024 dole ya sayi inshorar tsibirin ta dala 44. Sai tukuici. Ba dole ba ne a rubuce, amma albashin masu gyaran ɗaki da masu kawo abinci ƙanƙane ne, kuma a Masar musamman bakshish al'ada ce mai ƙarfi. Yuro 1 zuwa 2 a rana ga mai gyaran ɗaki, yuro 1 ga mai ɗaukar akwati, ɗan wani abu ga direba: ka ware yuro 40 na mako. Layin waya na ƙasar yuro 15. Wanki da kantin magani yuro 30. Wankin otel da ɗaiɗaya ake lissafa shi, babbar riga ɗaya za ta iya cin kuɗin abincin rana, don haka ka tafi da garin sabulu kaɗan. Jimla yuro 135.

Firjin da ke ɗaki, ka tambaya kafin yara ko uwargida su buɗe. A wasu otel lemun ciki kyauta ne, a wasu kowace kwalba tana hawa kan lissafin ɗaki. Haka ruwan lemun da ake matsewa a gabanka, tausa, wasannin ruwa, hoton da mai kamara ya ɗauke ku a bakin teku, da gidan abinci na musamman da ake kama wuri. Duk inda aka ce ka faɗi lambar ɗakinka ko ka sa hannu, kuɗi ne.

Na uku na fita ne. Ba wanda zai bar Damagaram ya je Tunisiya ya kwana 7 a bakin tafkin wanka. Za ka so ganin masallacin Uƙba bin Nafi'u a Ƙairawan, birnin da aka kafa a shekara ta 670, ko kufan Kartaj da garin Sidi Bu Sa'id. Mai zuwa Agadir ta Maroko zai so Marrakesh, tafiyar awa 3. Mai zuwa Hurgada ta Masar zai so Luksor, kusan awa 4. Ka zaɓi fita biyu manya tun daga gida, kada ka bari sai wakilin kamfani ya tara ku washegarin isowa da hotuna masu kyau. Farashinsa yakan fi na ƴan gari tsada domin yana da kamasho a ciki, amma in tafiyar mai nisa ce, ko ta cikin teku, wannan ƙarin yana sayen kwanciyar hankali: mota mai lafiya da wanda za ka kama in an sami matsala. Ta kusa kuwa, kamar kasuwar tukwane ta Nabul da ke gefen Hammamet, taksi ko motar haya ta ishe ka. Ka tambaya ko kuɗin shiga wurare da abincin rana suna cikin farashin fita. Mu sa yuro 40 kan mutum a kowace fita, yuro 160 ke nan. Taksi, shayi, ruwa da zuwa masallacin Juma'a, wanda sau da yawa yana cikin gari nesa da unguwar otel, yuro 10 a rana, 70 a mako. Abincin filin jirgi da na ranar ƙarshe yuro 40. Jimla yuro 270.

Tsaraba da saƙon mutane

Wannan shi ne ambulan na huɗu, kuma shi ke cinye sauran in an yi sake. Dalili a fili yake: ba a rubuta sunaye ba. Mutum yana cikin kasuwa sai ya tuna gwaggo, ya tuna maƙwabci, ya tuna limamin unguwa, kowane tunawa da kuɗinsa. Ku zauna kai da uwargida kafin tafiya ku rubuta kowa, ku kasa su uku. Iyaye da surukai, mutum huɗu zuwa shida, kowa da abinsa na musamman, yuro 20 zuwa 25. Ƴan'uwa na kusa da abokai, mutum goma, yuro 5 zuwa 8. Sauran jama'a kuma abu ɗaya da ake saye da yawa a rarraba, kamar dabino, ƙananan kwalaben turare ko carbi. Da yuro 250 an rufe wannan ba tare da jin kunya ba.

Kafin ka tashi, ka zaga Kasuwar Dole ka ji farashin jallabiya, abaya, darduma, turare da agogo, ka rubuta. Ƴan kasuwarmu suna sarin kayan Dubai, Turkiyya da Sin da yawa, kuma ba abin mamaki ba ne ka tarar abin da ake sayarwa a shagon ƴan yawon buɗe ido ya fi na gida tsada. Abin da ya cancanci ɗaukowa shi ne wanda ƙasar ta shahara da shi: dabinon Deglet Nur da man zaitun a Tunisiya, man argan a yankin Agadir, tawul da kayan auduga a Turkiyya. Shagon cikin otel da wanda ɗan rakiya ya tsayar da motarku a ƙofarsa su ne mafi tsada. Ciniki kuwa ba sai an koya wa Bahaushe ba, sai dai ka tuna ka mayar da farashin zuwa sefa a waya kafin ka taya, domin baƙon kuɗi ba ya yi wa mutum nauyi a hannu.

Tsaraba tana da kuɗi na biyu, wato nauyi. Dabino kilo 10 da man zaitun lita 5 sun kusa cinye akwati guda. Kuɗin ƙarin kaya a filin jirgi yana iya fin darajar kayan, kuma sayen ƙarin akwati ta intanet kafin ranar tafiya yakan fi araha. Ka sayi ɗan ma'aunin rataye, ka tafi da akwati ɗaya rabinsa babu komai. Man zaitun, man argan da turare duk ka sa su a akwatin da ke shiga cikin jirgi ta ƙasa, domin na hannu ba a barin kwalbar da ta wuce mililita 100.

Saƙo kuma sai an cire kunya. Wanda ya ce ka sayo masa waya ko atamfa "in ka dawo ma daidaita", ka ce masa da fara'a: "Yaya, kuɗin tafiyar a ƙirge suke, in ka kawo naka kafin Laraba zan sayo maka." Kuɗin saƙo su zauna a ambulan ɗin mai su, da sunansa da hoton abin da yake so. Kuma kaya iri ɗaya masu yawa, waya biyar ko abaya talatin, ma'aikatan duwan za su ɗauke su kayan sayarwa ne, su nemi haraji. Ƙunshin da wani ya ba ka ka kai wa wani a can, in ba ka buɗe ka gani da idonka ba, kada ka karɓa.

Ambulan na biyar na ko-ta-kwana ne, yuro 200 aƙalla ga mutum biyu, ko kashi 20 cikin 100 na duk guzurin in ya fi haka. Aikinsa jirgin da aka ɗage, kwanan da ba a shirya ba a Kasablanka ko Istanbul, akwatin da ya makara, ko ganin likita. Canjin abinci da ruwa yana taɓa ciki, kuma likitan otel kuɗi yake karɓa nan take, da tsada. Inshorar tafiya ta mako ɗaya ba ta da tsada in aka kwatanta da kwana ɗaya a asibitin kuɗi, amma sau da yawa kai za ka fara biya sannan a mayar maka, don haka kowane rasit ka adana. Wannan ambulan ba na kafet mai kyau da aka gani ranar ƙarshe ba ne.

In aka haɗa: 135 da 270 da 250 da 200, yuro 855, wato kimanin sefa 581,000 a farashin 680. Da na hanyar gida, abin ya haura jika 700. Wannan ban da fasfo, biza in ƙasar tana nema, katin rigakafin shawara da inshora, waɗanda ake gamawa tun kafin tafiya. Kowane yaro da aka ƙara, ka ƙara kusan rabin kason babba a hanya da fita. In wannan adadi ya fi ƙarfinka, ka rage kwanaki ko darajar otel, kada ka rage ambulan na biyar. Kuma ka dubi kalanda: wanda ya tafi a babban hutun ƴan makaranta, Yuli zuwa Satumba, ya faɗa lokacin da otel-otel na bakin Bahar Rum suka fi tsada, sannan yana dawowa kuɗin makaranta na Oktoba na jiransa. Waɗannan da cefanen gida na kwanakin da ba ka nan, a ware su kafin a fara cika ambulan ko ɗaya.

Yadda za ka riƙe kuɗin

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka je bankinka mako biyu zuwa uku kafin lokaci, domin reshen Damagaram ba kullum yake da yuro a ƙasa ba, wani lokaci sai an aiko daga Yamai. Za su nemi fasfo da tikiti, kuma akwai iyakar kuɗin waje da dokar BCEAO, babban bankin sefarmu, ta yarda matafiyi ya fita da su a hannu. Ka tambaye su adadin, ka riƙe takardar canjin tare da fasfo. Sefa ba ta canzuwa cikin sauƙi a Tunisiya, Masar ko Turkiyya, kada ka dogara da ita.

Ka nemi takardun yuro 10, 20 da 50. Ta 500 an daina fitar da ita tun 2019, shaguna da yawa ba sa karɓa, ta 200 ma wahalar canji ce. In dala ce, ka nemi sababbi, ta 100 mai shuɗin zare wadda ta fito a 2013, domin tsofaffi da masu yagewa ko rubutu ana ƙin su ko a rage musu daraja.

Kashi biyu cikin uku a hannu, kashi ɗaya a kati, tsari ne mai kyau. Katin da ke da tambarin GIM-UEMOA kaɗai a ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma yake aiki, na waje sai Visa ko Mastercard. Ka sa banki ya buɗe shi don amfani a ƙasar da za ka, ka ji iyakar abin da za ka iya cirewa a rana da ladan kowane cirewa. Tunda akwai lada a kan kowane cirewa, sau biyu da yawa ya fi sau shida kaɗan kaɗan. In injin cire kuɗi ko na shago ya tambaye ka ko a lissafa da yuro ko da kuɗin ƙasar, ka zaɓi kuɗin ƙasar. Ɗaya zaɓin yana ba injin damar sa nasa farashin canji, kuma kullum kai ne a ƙasa. Wasu otel suna riƙe wani adadi a katinka a matsayin jingina ranar isowa. Ba a cire shi ba, amma ba za ka iya taɓa shi ba, wani lokaci har bayan ka dawo gida. In an yarda, ka ba da jinginar a hannu ka karɓi rasit.

Layinka na gida, Airtel ne ko Moov ko Zamani, kada ka bar shi a Damagaram. Lambar sirrin da banki ke turowa in za ka biya ta intanet a kansa take shigowa. Ka tabbatar an buɗe masa aiki a waje, amma ka kashe masa intanet tun kafin jirgi ya sauka, in ba haka ba kuɗin da ke kansa za su ƙone cikin mintoci.

A filin jirgin da ka sauka ka canza yuro 30 zuwa 50 kawai, sauran a cikin gari, kaɗan kaɗan, na kwana biyu ko uku. Dinarin Tunisiya doka ta hana fita da shi, kuma ba za a mayar maka da ragowar zuwa yuro ba sai ka nuna takardar canjin farko. Dirhamin Maroko ma da wuya ka sami mai karɓarsa a gida. Kuɗin ranar kawai za ka fita da su, sauran a akwatin ƙarfe na ɗaki, kuma a raba tsakanin miji da mata don kada jaka ɗaya ta ɓace da komai.

Kowane dare kafin barci ku ƙirga abin da ya rage a ambulan na uku, ku raba shi da kwanakin da suka saura. Daren jajibirin tafiya ka sauka ka nemi lissafin ɗakinka, ka karanta shi layi layi tun akwai lokacin gardama, domin da safe motar filin jirgi tana ƙofa tana jira. Tsabar da ta rage ba mai canza maka ita a Yamai, ka ba mai gyaran ɗaki. Sannan ka ciro ambulan ɗin sefa daga ƙasan jaka ka mayar da shi aljihun gaba, da shi za ka biya taksi, kwanan Yamai da bas ɗin asuba zuwa gida.